Yadda Aka Gane Ciwon Ƙoda na Masu Ciwon Sukari

Tun kafin a ƙago madubin likita, tun kafin a san awon jini, fitsari shi ne babban mai ba likita labarin abin da ke faruwa a cikin jikin mutum. A kan zuba shi a kwalba, a ɗaga wajen haske, a dubi launinsa da kaurinsa da abin da ya kwanta a ƙasa, a sansana, wani lokaci ma har a ɗanɗana. Cikin alamun da mutanen da suka lura da su akwai guda biyu waɗanda su ne tushen wannan labari, watau zaƙi da kumfa. Kowace alama da nata masana, da nata littattafai. Aka yi shekaru aru-aru ana bin su dabam dabam, ba wanda ya san wata rana za a iske su tare a jikin mutum guda, ɗaya ta jawo ɗaya.

Bari mu fara da zaƙi. Likitocin ƙasar Hindu na zamanin da sun san wani ciwo mai sa yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, suka sa masa suna fitsarin zuma, domin sun ga kiyashi na taruwa a inda mai ciwon ya tsuguna. Shi kuwa Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, babban likitan birnin Rum a ƙarni na 2, ya ce mutum biyu rak ya taɓa gani da ciwon, amma wannan bai hana shi yanke hukunci ba. Ya ce laifin ƙoda ne, ita ce ta yi rauni ta kāsa riƙe ruwa, sai abin da mutum ya sha ya zarce waje kamar yadda abinci ke zarcewa ga mai gudawa. Manyan likitocin Musulmi, irin su Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, suka bi shi a kan wannan, Turawa kuma suka karɓa daga gare su. Saboda haka ƙoda ta yi shekara fiye da 1,500 tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Wanda ya fara wanke ta shi ne Matthew Dobson, wani likita na birnin Libaful a Ingila. A cikin 1776 ya ba da labarin yadda ya ɗora fitsarin wani majiyyaci a wuta har ruwan ya ƙone, ya bar wani farin gari mai ɗanɗanon sukari. Bai tsaya nan ba, ya ɗanɗana ruwan jinin mutumin, ya ji shi ma da zaƙi. Ashe sukarin tun a jini ya ke, ƙoda fitar da shi kawai ta ke yi. Sa'an nan a 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas, watau wata tsoka mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi, nan da nan kare ya kamu da ciwon sukari mai tsanani. Daga ran nan hankalin masana ya koma kan fankiriyas. Aka sallami ƙoda daga shari'a, kuma kamar yadda a kan yi da wanda aka sallama, ba a sake tambayar lafiyarta ba.

Labarin kumfa kuwa daga ƙasar Yunanawa ya faro. Hippocrates, wanda ya yi zamani wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura cewa kumfar da ke tsayawa a kan fitsari alamar ciwon ƙoda ce, kuma ciwon zai daɗe. Bai san abin da ke kawo kumfar ba. Sai a 1764 wani likitan birnin Naples a Italiya, Domenico Cotugno, ya ɗora fitsarin wani soja mai kumburin jiki a wuta, ya ga ya daskare ya yi fari fat kamar farin ƙwai in ya ji zafi. Abin nan da ya daskare shi ne furotin, kuma irin da ya fi yawa a ciki shi a ke kira albumin, sunan da aka samo daga kalmar farin ƙwai a harshen Latin.

Mutumin da ya ɗaure wannan magana wuri guda shi ne Richard Bright, likitan asibitin Guy's a Landan. Kayan aikinsa ba su da yawa, cokali ne da kyandir. Ya kan zuba fitsari a cokali ya kanga a harshen wuta, in ya daskare ya rubuta, in majiyyacin ya mutu ya feɗe gawar ya dubi ƙodar. A 1827 ya buga littafinsa inda ya nuna abu uku suna tafiya tare: kumburin jiki, da fitsari mai daskarewa, da lalatacciyar ƙoda. A 1842 har aka ware masa gado 42 a asibitin na tsawon wata shida domin masu wannan ciwo kaɗai. Aka yi shekara ɗari ana kiran kusan kowane irin ciwon ƙoda da sunansa, ciwon Bright.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan mu dubi yadda ƙoda ke aiki, gama in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. A cikin kowace ƙoda akwai matatai wajen miliyan guda, kowace matata ɗan ƙulli ne na siraran jijiyoyin jini, ido ba ya ganinsa sosai sai da madubi. Jini na shiga ta wata ƙaramar jijiya, ya fita ta wata, a tsakani kuwa ruwa da gishiri da dattin jiki su tsattsafo ta bangon jijiyoyin kamar gari ta rariya. Wajen lita 180 ke tsattsafowa a kwana guda, amma ƙoda ta kan mai da kusan dukansa cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Albumin ba ya wuce rariyar nan, sai ɗan abin da ba a rasa ba, ƙasa da miligiram 30 a kwana. In rariya ta yage kuwa, sai ya riƙa zuba, har ya kai miligiram 3,000 ko fiye. Da ya ke albumin ne ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, in ya ragu a jini sai ruwa ya malala cikin nama, ƙafa da fuska su kumbura. Ka ji asirin cokalin Bright.

To, tun a ƙarshen ƙarni na 18 wasu likitoci sun lura cewa fitsarin mai ciwon sukari wani lokaci ya kan daskare a wuta. Abin takaici shi ne fassarar da waɗansu suka yi wa abin. Sun ga sa'ad da furotin ya bayyana, sukarin fitsari ya kan ragu, wani lokaci ma ya ɓace, sai suka ce alamar sauƙi ce. Alhali kuwa ƙodar ce ke mutuwa, ta kāsa tace ko da sukarin, majiyyacin kuma ya daina cin abinci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Pierre Rayer na birnin Faris, wanda ya rubuta babban littafi a kan cututtukan ƙoda wajen 1840, ya lura cewa ƙodar masu ciwon sukari ta kan ƙara girma. A 1859 kuma wani Bajamushe, Wilhelm Griesinger, ya kawo maganar cewa watakila ciwon sukarin ne da kansa ke jawo ciwon Bright. Ya faɗi gaskiya, amma ba a kama maganarsa ba.

Dalilin da ya sa ba a kama ba mai sauƙi ne, mai ban tausayi kuma. Ciwon sukari ba ya cin ƙoda dare ɗaya, sai ya yi shekara 10 ko 15 ko 20 yana gaigayarta. A wancan zamani kuwa yaron da ya kamu da ciwon da wuya ya kai shekara biyu, sai ya rame ya suma ya mutu. Tsofaffi masu irin ciwon da ke zuwa a hankali su ne ke daɗewa, su kuma in ƙodarsu ta lalace sai a ce tsufa ne da taurin jijiyoyi. Mutuwa ta kan riga ciwon ƙodar isowa.

Aka samu insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, ta hannun Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu, a watan Janairu 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. Duniya ta yi murna, aka zaci an gama da ciwon sukari. Ba a yi shekara 20 ba yaran nan da aka ceto suka fara komowa asibiti, sun zama samari da 'yan mata, ido ya dushe, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, fitsari cike da furotin.

Ana cikin haka, a 1936, aka buga wata 'yar takarda a birnin Boston na Amurka. Marubutanta biyu baƙi ne a ƙasar. Paul Kimmelstiel Bayahude ne daga Hamburg, ya bar Jamus bayan Hitila ya hau mulki a 1933. Clifford Wilson kuwa saurayi ne Bature na Ingila, ya zo ƙaro ilmi. Suna binciken ƙodar matattu sai suka ci karo da mutum 8 waɗanda matatansu ke da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin jijiyoyi, abin da ba su saba gani ba. Da suka koma ga takardun asibiti suka iske 7 daga cikinsu an san suna da ciwon sukari, na takwas kuwa ya mutu kafin a sami labarinsa. Galibinsu sun yi fama da hawan jini da kumburi da furotin mai yawa. Har yau ana kiran dunƙulen nan da sunan mutanen nan biyu. Amma abin lura shi ne, majiyyatan nan ba yaran insulin ba ne, dattawa ne, ƙaraminsu ya kusa shekara 50. Su marubutan ma ba su tsananta maganar sukari ba, hankalinsu ya fi karkata ga tsufan jijiyoyi. Arthur Allen na birnin Niyu Yok shi ne ya tabbatar da zancen a 1941, sa'ad da ya bincika ƙodar masu ciwon sukari 105 ya sami dunƙulen a wajen sulusinsu. Ƙodar da aka tuhuma, aka sallama, aka manta, yanzu ta komo gaban shari'a, wannan karon a matsayin wadda aka zalunta.

Sanin sunan ciwo dabam, maganinsa dabam. Shekaru 30 da suka biyo baya su ne mafi duhu a wannan labari. Asibitin Steno na ƙasar Denmak ya bi sawun mutum 1,475 waɗanda ciwon ya kama su da ƙuruciya kafin 1953, aka buga sakamakon a 1983. Wajen 4 cikin kowane 10 sun kamu da ciwon ƙoda, kuma kusan rabin waɗanda furotin ya zauna a fitsarinsu sun mutu cikin shekara 7. Ko da aka fara wankin ƙoda na dindindin a birnin Seattle a 1960, injuna kaɗan ne, ana zaɓen wanda za a sa, kuma asibitoci da yawa ba su karɓar mai ciwon sukari ko kaɗan, don a ganinsu ba zai daɗe ba. Likita ya kan tsoma 'yar takardar awo a fitsari, irin wadda aka fito da ita a 1957 ta maye gurbin cokali da kyandir, in ta sāke launi ya san abin da zai biyo baya, ba shi kuwa da abin yi.

Aibin takardar nan shi ne ba ta ganin albumin sai ya kai wajen miligiram 300 a kwana, sa'an nan kuwa ɓarna ta riga ta yi nisa. Tsakanin 30 na mai lafiya da 300 na takarda akwai fili mai faɗi wanda ba wanda ya taɓa leƙawa. Wanda ya buɗe shi, abin sha'awa, a asibitin Bright ya ke. A 1963 Harry Keen na asibitin Guy's da abokin aikinsa Chlouverakis suka fito da wata dabara ta awon albumin kome ƙanƙantarsa. Aka auna fitsarin wasu majiyyata a 1966 da 1967, aka ajiye lissafi. Bayan shekara 14 Giancarlo Viberti da Keen da jama'arsu suka nemo mutanen nan. Cikin 8 waɗanda albumin ɗinsu ya ɗan ɗaga tun farko, 7 sun kamu da cikakken ciwon. Cikin 55 waɗanda nasu bai ɗaga ba, 2 kaɗai suka kamu. Aka buga wannan a 1982, shekarar da Hans-Henrik Parving ya ba da irin wannan labari daga Denmak. A 1984 Carl Erik Mogensen na birnin Aarhus ya nuna alamar tana aiki ga dattawa masu ciwon sukari irin na manya, kuma ba ƙoda kaɗai ta ke tona wa asiri ba, gama masu ita sun fi saurin mutuwa, galibi da ciwon zuciya. Watau rariyar da ta fara yoyo a ƙoda shaida ce ta halin da jijiyoyin jiki duka ke ciki.

Daga baya an sassauta maganar. Wani bincike da aka yi a Boston, aka buga a 2003, ya bi mutum 386 masu ɗan albumin, ya iske fiye da rabinsu abin ya koma baya cikin shekara 6, musamman waɗanda sukarinsu da jininsu ke daidai. Alamar gargaɗi ce ke nan, hukunci bai riga ya fāɗi ba.

A ganina babban juyi a tarihin nan ba a ɗakin awo aka yi shi ba, a kan hawan jini aka yi. Da can likitoci da yawa suna tsoron saukar da jinin mai ciwon ƙoda, suna cewa lalatacciyar ƙoda tana bukatar ƙarfin jinin domin ta yi tata. Mogensen ya ƙi wannan magana tun 1976. Parving kuma ya ɗauki majiyyata 10 rak, ya riƙa awon ƙarfin ƙodarsu kafin a fara ba su maganin hawan jini da kuma bayan an fara, a 1983 ya nuna saurin lalacewar ya ragu da fiye da rabi, furotin ma ya ragu. Mutum 10 ba yawa ba ne, magungunan kuma tsofaffi ne masu araha, amma wannan ne karo na farko da aka nuna ana iya riƙe linzamin ciwon da kowa ya sallama. A wancan lokaci ƙasar Denmak ba ta kai mutum miliyan 6 ba, abin da ya ba ta wannan rabo shi ne haƙurin ajiye lissafin majiyyaci shekara da shekaru.

Sa'an nan sai maciji ya shigo labarin. A ƙasar Burazil akwai wani maciji dangin kububuwa, sunansa jararaca, wanda dafinsa ke sa jinin mutum ya fāɗi warwas. Sérgio Ferreira ya ware abin da ke yin wannan aiki a cikin dafin a 1965, daga nan masu haɗa magani na kamfanin Squibb a Amurka suka ƙera captopril a 1975. Barry Brenner da jama'arsa a Boston sun nuna a jikin ɓeraye cewa ciwon sukari na sa jini ya matsu a cikin matatar kanta, kamar ruwan da ya cika kwami a lambu mashiga a buɗe mafita a tsuke. Irin wannan magani yana buɗe mafitar, sai matsin ya sauka. A 1993 Edmund Lewis ya ba da sakamakon gwaji a kan mutum 409, aka ga captopril ya rage haɗarin mutuwa ko wankin ƙoda ko dashe da rabi. A wannan shekara dai wani babban gwaji na mutum 1,441 a Amurka da Kanada ya yanke gardamar da aka daɗe ana yi, ya nuna tsananta kula da sukarin jini yana rage fitowar ɗan albumin da kashi 39 cikin 100, mai yawa kuma da kashi 54. A 2001 aka tabbatar da amfanin losartan da irbesartan, dangin captopril a wajen aiki, ga masu ciwon irin na manya.

Akwai kuma wani ƙaramin bincike na jihar Minnesota wanda bai kamata a tsallake shi ba. Mutum 8 ne aka dasa musu sabuwar fankiriyas, sukarinsu ya daidaita, aka riƙa ɗebo ɗan tsokar ƙodarsu da allura ana dubawa. Bayan shekara 5 ba a ga sauƙi ba. Bayan shekara 10, kamar yadda Paola Fioretto da Michael Mauer suka bayyana a 1998, bangon jijiyoyin ya komo kusan yadda ya ke a da, dunƙulen Kimmelstiel da Wilson kuwa sun ɓace. Yadda ɓarnar ke ɗaukar shekaru haka gyaran ma ke ɗauka.

Maganin da ya zo daga baya ya fi duka ban mamaki. A 1835 aka fitar da wani abu daga ɓawon saiwar itacen tuffa, aka sa masa suna phlorizin. A 1886 von Mering, mutumin nan dai na karen Strasbourg, ya ga abin yana sa sukari ya zuba a fitsarin dabba mai lafiya, domin yana hana ƙoda mai da sukarin cikin jini. Aka yi shekara fiye da ɗari ana amfani da shi a ɗakin bincike kawai. Jikokinsa ne magungunan da a ke kira canagliflozin da dapagliflozin da empagliflozin, an yi su ne don rage sukari, sai aka tarar suna sauke matsin jini a cikin matata ta wajen tsuke mashiga. A gwajin da aka buga a 2019, mai mutum 4,401 masu ciwon sukari da furotin a fitsari, canagliflozin ya rage haɗarin mutuwar ƙoda da abin da ke tattare da ita da kashi 30 cikin 100, har aka tsai da gwajin kafin lokacinsa don amfanin ya fito fili. Zaƙin fitsari, wanda shi ne alamar ciwon tun zamanin kiyashin Hindu, yanzu likita ne ke jawo shi da gangan don ya kāre ƙoda. Finerenone ya biyo baya a 2020, semaglutide kuma a 2024.

Duk da haka ciwon sukari shi ne kan gaba wajen kai mutane ga wankin ƙoda a ƙasashe da yawa, a Amurka ma wajen 4 cikin kowane 10 na sababbin masu shiga wankin ta dalilinsa ne, saboda masu ciwon sun yawaita ƙwarai, sun kuma daɗa tsawon rai. Ƙa'idar da likitoci suka tsaya a kai ita ce a auna albumin sau ɗaya a shekara: mai ciwon irin na manya tun daga ranar da aka gane ciwonsa, don mai yiwuwa ya daɗe da shi bai sani ba, mai irin na ƙuruciya kuwa bayan shekara 5. Ba a yanke magana da awo ɗaya, gama zazzaɓi ko aikin ƙarfi ko ciwon mafitsara na iya ɗaga shi na ɗan lokaci, sai an maimaita cikin wata 3 zuwa 6. A kan haɗa da awon jini kuma, domin an gane cewa akwai masu ciwon sukari da dama waɗanda ƙodarsu ke raunana ba tare da furotin ya fito ba ko kaɗan.